Sabon Shugaba, Tsohon Bashi

A makon jiya wani tsohon ɗalibina ya biyo ta gidana a nan Dutse, a kan hanyarsa ta zuwa ɗaurin aure a Kiyawa. Shekara shida ke nan yana aiki da wani kamfanin jiragen sama, wanda ba zan kama sunansa ba don kada in ɓarar wa yaron da tuwonsa. Na riga na ji labarin an naɗa musu sabon manajan darakta, saboda haka bayan mun gaisa sai na yi masa barka. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Malam, ai wannan shi ne na uku tun da na kama aiki."

Ya ba ni labarin taron farko da sabon shugaban ya yi da ma'aikata. An cika ɗaki, an yi tafi, mai gida ya shafe kusan awa guda yana bayani kan jiragen da za a kawo da garuruwan da za a fara zuwa. Da aka ba da damar tambaya, wani dattijon makanike da ya kusa ritaya ya miƙe ya tambayi abu biyu: yaushe za a biya albashin da aka riƙe, kuma ina kuɗin fanshon da ake yanka a takardar albashi amma ba ya isa asusun kowa? Aka ce masa za a kafa kwamiti. Ɗalibin nawa ya ce daga wannan lokaci tafi ya ƙare, kowa ya koma kallon wayarsa.

Tun da ya tafi nake juya maganar dattijon nan a raina. A ganina tambayarsa ta fi duk jawabin da aka yi a ɗakin nauyi, kuma a cikinta ne amsar abin da ya sa ma'aikatan jiragen sama a ƙasar nan suke karɓar sabon shugaba da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana riƙe da ƙofa.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan mutumin Dutse da rikicin kamfanonin da hedikwatarsu ke Ikeja. Ruwanmu ne kuwa. Muna da filin jirgin sama da gwamnatin Alhaji Sule Lamido ta gina, Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe shi a watan Oktoban 2014, yanzu kuma yana ɗauke da sunan marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi. Daga nan alhazanmu suke tashi. Amma in aka cire lokacin aikin Hajji, mafi yawanmu in za mu hau jirgi sai mun yi sammako mun bi ta Kwanar Huguma da Wudil zuwa Kano. Dalili kuwa a fili yake. Kamfanin da yake fama da kansa, mai jirage uku ko huɗu da ke iya tashi, zai zuba su ne tsakanin Legas da Abuja da Fatakwal, inda kujera ba ta kwana babu mai ita. Ƙananan filaye irin namu su ne na ƙarshen samu, su ne kuma na farkon rasawa. Ashe lafiyar kamfanonin nan ta shafe mu kai tsaye, ko da ba mu da ɗa ko ƙani a cikinsu.

Mu ɗauki Arik. Kamfanin ya fara tashi a 2006, cikin 'yan shekaru ya zama mafi girma a Najeriya, yana zuwa Landan da Johannesburg da New York. A watan Disambar 2016 ƙungiyoyin ma'aikatan sufurin sama suka tare ƙofarsa a Legas suka hana aiki, suna ƙorafin albashin watanni da ba a biya ba, da kuɗin fansho da ba a zuba ba, da kuma hana ma'aikata shiga ƙungiya. Ba a yi wata biyu ba, ranar 9 ga Fabrairun 2017, hukumar AMCON, wadda aka kafa a 2010 don ta sayi munanan basussukan bankuna ta kuma karɓo su, ta karɓe kamfanin, tana cewa bashin da ke kansa ya haura naira biliyan 300, kuma a cikin jirage kusan 30 kimanin goma ne kawai suke tashi. Aka naɗa Kyaftin Roy Ilegbodu ya ja ragama. Ƙungiyoyin ƙwadago suka yi maraba da wannan mataki, kuma ba na ganin laifinsu. Wanda ya yi watanni bai ga albashi ba, duk wanda ya shigo da alƙawarin biya mai ceto ne a wurinsa.

To amma amarcin bai daɗe ba. A 2020 ƙungiyoyin nan dai suka sake komawa bakin ƙofar Arik, wannan karon suna faɗa da shugabannin da suka yi wa lale. A watan Disamba na shekarar kamfanin ya sallami ma'aikata 300, yana kafa hujja da annobar korona. Daga baya aka shiga taƙaddamar sabon kamfanin NG Eagle da AMCON ta so ta kafa, wanda wasu ƙungiyoyin suka kalla a matsayin dabarar kwashe nama a bar musu ƙashi da bashi. A farkon 2025 kuma hukumar EFCC ta gurfanar da wasu daga cikin waɗanda suka riƙe kamfanin a zamanin riƙon AMCON, sun kuma musanta tuhumar. Wannan magana ce ta kotu, ba zan sa baki a ciki ba.

Abin da nake so a lura da shi shi ne, tun ranar farko akwai saɓanin fahimta da babu wanda ya fito ya faɗa. Ma'aikata sun ɗauka an kawo likita ne. Alhali AMCON, bisa dokar da ta kafa ta, mai bin bashi ce. Aikinta ta dawo da kuɗin da aka zuba, kuma duk wanda ta naɗa, komai kirkinsa da ƙwarewarsa, ya san wanda ya aiko shi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Saboda haka tambayar farko da ta kamata ma'aikaci ya yi wa sabon shugaba ita ce: wa ya aiko ka, kuma me aka ce ka kawo masa? In an aiko shi ya tsamo kamfani, lissafinsa daban. In an aiko shi ya tsamo bashi, to jirgi da fili da rumfar gyara kadarori ne da za a iya sayarwa, ma'aikaci kuwa kashe kuɗi ne da za a rage.

A nan ne nake ganin ake yi wa ma'aikata rashin adalci mafi girma, domin su ma masu bin bashi ne, sai dai ba a lissafa su. Duk watan da aka yi aiki ba a biya ba, ma'aikaci ya ranta wa kamfani kuɗi ne, rancen da ba a nemi izininsa ba, babu riba, babu jingina. Banki yana riƙe da takardun jirgi. Mai hayar jirgi a Turai in an makara da biyansa yana da hanyar ɗauke abinsa. Mai sayar da man jirgi zai ce sai an biya kafin ya kunna famfo. Hukumomin filin jirgi suna iya rufe kantar sayar da tikiti. Mai ɗaukar kaya da mai duba tikiti da makanike su ne kaɗai suke ba da nasu bashin kullum da safe, su koma gida su fuskanci mai shago da mai haya da kuɗin makaranta. Mu da muka ga watanni takwas na yajin aikin jami'o'i a 2022 ba sai an yi mana tafsirin abin da rashin albashi yake yi wa gida ba. Kuɗin fansho kuwa ya fi muni. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8 cikin ɗari, mai gida ya ƙara kashi 10. Kashi takwas ɗin nan guminsa ne da aka riga aka yanka. Kamfanin da ya yanka bai zuba ba, ya ci amana ne, ko da kuwa ya kira abin jinkiri.

Labarin Aero Contractors ya fi na Arik sarƙaƙiya, shi ya sa ya fi koyarwa. Kamfani ne tsoho, tun 1959. AMCON ta karɓe shi a 2016, a watan Satumba na shekarar ya dakatar da jigilar fasinja. A farkon 2017 aka naɗa Kyaftin Ado Sanusi, kuma cikin makonni kaɗan aka sanar da sallamar kusan kashi 60 cikin ɗari na ma'aikata. Ƙungiyoyi suka yi ca, aka kuma ɗauki shekaru ana ja-in-ja kan haƙƙin waɗanda aka sallama. Amma a ƙarƙashin shugabancin nan ne injiniyoyin kamfanin suka kammala, a farkon 2018, babban gyaran nan na jirgin Boeing 737 da ake warware jirgi a duba shi gaɓa-gaɓa, aikin da a da sai an kai jirgi ƙasar waje an biya da dala. Sashen gyaran ya zama hanyar samun kuɗi. Duk da haka kamfanin ya sake tsayawa ranar 20 ga Yulin 2022, ya dawo a watan Disamba. To wa yake da gaskiya, shugaban da ya ce jirage ƙalilan ba za su iya ciyar da ma'aikata sama da dubu ba, ko ƙungiyar da ta ce ba a korar mutum hannu rabbana? Ni dai ina ganin dukkansu. Ragin yana iya zama dole. Abin da ba dole ba shi ne a sallami mutum a ce ya je ya jira haƙƙinsa sai abin da hali ya yi. Kuma abin lura, abin da ya tsamo Aero a wancan lokaci yana hannun ma'aikatan da suka rage ne, wato ƙwarewar da suka tara shekara da shekaru a rumfar gyara.

Dole in yi wa shugabannin adalci kan abu guda. Sana'ar jirgin sama a Najeriya sana'a ce da ake sayarwa da naira a saya da dala. Kayan gyara, hayar jirgi, inshora, babban gyara, horon da matuƙi yake komawa duk bayan wata shida a na'urar kwaikwayon tuƙi, kusan duk da kuɗin waje ake biya. A watan Mayun 2022 ƙungiyar masu kamfanonin jirage ta ce litar man jirgi ta tashi daga naira 190 zuwa 700, har suka yi barazanar ajiye aiki gaba ɗaya. Da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, nauyin bashin dala ya ƙaru ƙwarai cikin 'yan kwanaki ga wanda kuɗin shigarsa naira ne. Babu manajan da zai zo da laya ya warware wannan. Sai dai wannan hujja tana da kaifi biyu. Tun da albashi yana cikin 'yan abubuwan da ake biya da naira, kuma mai shi ba ya iya ɗauke jirgi, shi ne abin da ya fi sauƙin dannewa. Ma'aikata sun san haka sarai. Shi ya sa in sabon shugaba ya fara jawabi da tsadar dala, su abin da suke ji shi ne albashin wata mai zuwa ma sai an yi haƙuri.

Kuma ba yau aka fara ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Duk ma'aikacin jirgin sama a ƙasar nan ya tashi da labarin Nigeria Airways a kunnensa. Cif Olusegun Obasanjo ya sha faɗa cewa ya bar kamfanin da jirage 32 a 1979, ya dawo a 1999 ya tarar da guda ɗaya. Tsakanin waɗannan shekaru an gwada shugabanni iri-iri: an kawo Turawan KLM na ƙasar Holan sun riƙe shi na shekara biyu, an kawo hafsoshin soja, an kawo farar hula. Sarki goma, zamani goma, kowa ya zo da nasa tsarin ya tafi. Da aka rushe kamfanin a 2003, waɗanda suka rage a tsaye cikin rana su ne ma'aikata. Sai a 2018, bayan shekara 15, gwamnatin Muhammadu Buhari ta saki sama da naira biliyan 22, rabin biliyan 45 da aka amince ana bin ta. Da yawa daga cikin masu haƙƙin magadansu ne suka je tantancewa. A Kano, inda kamfanin yake da babbar tasha, har yanzu akwai gidajen da ake ba da wannan labari. Matashin da ya ga haka ta faru da mahaifinsa ko maƙwabcinsa, in ya ƙi yin tafi a taron sabon shugaba, kada a ce masa mai baƙin ciki.

Akwai kuma dalilin da ya wuce na aljihu, wanda ya sa nake ganin sauraron ma'aikatan jirgi ya zama tilas a kan kowa. Ranar 11 ga Yulin 1991, makonni kaɗan kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa, jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na ƙasar Kanada, wanda aka yi hayarsa yana jigila da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda ɗauke da alhazai zuwa Sakkwato. Minti kaɗan bayan tashi ya kama da wuta ya faɗi, mutum 261 suka rasu, babu wanda ya tsira. Allah Ya jiƙansu. Bincike ya gano cewa wasu tayoyin jirgin ba su da isasshiyar iska. Makaniken jirgin ya nemi a ƙara musu kafin tashi, ba a samu iskar da ake bukata nan take ba, jami'in da ke kula da jigilar kuma ya ƙi yarda a makara. Tayoyin suka fashe a kan titin tashi, suka kama wuta, aka naɗe su cikin cikin jirgi da wutarsu. Ƙaramin ma'aikaci ya ga matsala ya faɗa, wanda ke sama da shi yana kallon agogo da kwangila. Kamfanin da ma'aikacinsa yake tsoron buɗe baki don kada sunansa ya shiga jerin waɗanda za a sallama, ko yake tunanin kuɗin asibitin ɗansa yana ɗaure ƙusa, kamfani ne da ni ba na son mahaifiyata ta hau jirginsa zuwa Makka. Hukumar NCAA ta san da wannan alaƙa, domin a watan Yulin 2022 ta dakatar da Dana Air ne bayan binciken da ya haɗa da lafiyar aljihun kamfanin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a jirgin sama yoyon ba ya jiran damina.

Ban ce ƙungiyoyin ba su da nasu ba. NUATE da ATSSSAN da NAAPE ta matuƙa da injiniyoyi sun ƙware wajen tare ƙofa, amma tare ƙofa makami ne da yakan sari wanda bai ji ba bai gani ba. Fasinjan da ya baro Dutse da asuba don ya kama jirgin Kano, ya tarar an rufe kanta, ba shi ya riƙe albashin kowa ba, kuma kuɗin tikitinsa ne za a biya albashin da shi. Kamfanin da yake numfashi da ƙyar, kwana biyu na rufewa na iya zama ajalinsa. Irin wannan ne ya ba gwamnati hujjar cusa sufurin sama cikin ayyukan da dokokin 2022 suka taƙaita yajin aiki a cikinsu, abin da ƙungiyoyin suka yi ta zanga-zanga a kai. Babban laifinsu a wurina shi ne saurin yin mubaya'a. Ranar da sabon shugaba ya shigo ita ce ranar da ƙungiya ta fi ƙarfi, domin yana bukatar zaman lafiya, wanda ya naɗa shi ma yana bukatar a ga an karɓe shi. A wannan rana ce ya kamata a zauna a rubuta nawa ake bin kamfani na albashi da fansho, a sa hannu, a tsara yadda za a biya, a kuma amince ƙungiya za ta riƙa ganin lissafin shiga da fita. Maimakon haka sai a fitar da sanarwar maraba, bayan shekara biyu a dawo da kwalaye da ihu bayan hari. Sashe na 20 na dokar ƙwadago ya wajabta wa mai gida ya sanar da ƙungiya dalili da yawan waɗanda zai rage, ya bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi zai fara fita, ya kuma tattauna kuɗin sallama. Doka ce mai kyau, amma ƙungiyar da ba ta da akawun da zai karanta mata littafin kamfani, da me za ta tattauna?

Mu a Arewa kuma muna da wata matsalar ta daban. Kamfanoninmu, daga Kabo Air na marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo da Chanchangi a jiya, zuwa Max Air da Azman da Rano Air na baya-bayan nan, na attajirai ne da iyalansu. Wannan abin alfahari ne, sun ɗauki 'ya'yanmu aiki, sun kai iyayenmu Hajji. Amma al'adarmu ta ubangida da yaronsa tana sa ma'aikaci ya ji nauyin tambayar haƙƙinsa, ya ga kamar butulci ne. Alheri na mai gida yana da daɗi muddin mai gida yana raye kuma kasuwa tana ci. Takardar yarjejeniya ita ce take rage wa marayu wahala ranar da ɗayan biyun ya kau.

Mutane suna yawan kawo misalin Ethiopian Airlines, musamman tun da aka yi dambarwar Nigeria Air, wadda aka nuna tambarinta a Ingila a 2018, aka kawo jirgi guda Abuja a watan Mayun 2023, daga baya kotu ta soke cinikin. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne daga ina shugabannin kamfanin Habasha suke fitowa. Tewolde Gebremariam, wanda ya riƙe shi daga 2011 zuwa 2022, ya shiga kamfanin tun 1985 yana ƙaramin ma'aikaci. Mesfin Tasew da ya gaje shi ya shiga a 1984 a sashen injiniya. In irin waɗannan suka tsaya gaban ma'aikata suka ce a ɗaure ciki, masu sauraro sun san tare aka sha ranar, kuma fanshon mai maganar yana cikin tukunya ɗaya da nasu. Namu kuwa sau da yawa baƙo ne da wa'adinsa yake hannun wanda ya turo shi, ya san zai tafi kafin ginin ya rufta.

Ba sai mun je Addis Ababa neman darasin fansho ba. A nan Dutse akwai tsarin adashin gata na ma'aikatan jiha da ƙananan hukumomi, wanda jihohi da dama suka turo wakilai su koya. Sirrinsa bai wuce a ware kuɗin a asusunsa, a zuba a kan kari, a kuma sa wakilan ma'aikata cikin masu sa ido ba. In jiha mai ƙaramin ƙarfi irin tamu ta iya, kamfanin da yake sayar da tikitin Abuja sama da naira dubu ɗari ba shi da uzuri. Yanzu da ake ta maganar farfaɗo da filin jirginmu da jawo kamfanoni, ina ba gwamnatin jiha shawara: duk kamfanin da za a ƙulla yarjejeniya da shi, ko na jigilar alhazai ko na fasinja, a tambaye shi shaidar biyan albashi da ta zuba fansho kamar yadda ake tambayarsa shaidar inshora.

Da ɗalibin nawa zai tafi na raka shi bakin mota, na tambaye shi ko dattijon makaniken ya samu shiga kwamitin da aka ce za a kafa. Ya ce an kafa kwamitin, mutum bakwai, duka daga ofishin sama. Dattijon kuwa saura wata huɗu ya yi ritaya, kuma ya fara tambayar farashin injin markaɗe.